Kyandir Goma, Suna Tara

Mahaifina, Anshel Brawer, shekararsa casa'in da uku, kuma har zuwa safiyar Talatar da zan ba ku labari ban taɓa jin ya ƙidaya mutum ba. Gilashi yana ƙidayawa, ƙusa yana ƙidayawa, ƙwayoyin maganinsa ma yakan jera su a faranti ya ƙirga ya sake ƙirgawa, don bai yarda da lissafina ba. Amma mutum, a'a. In ka tambaye shi yawan waɗanda suka zo biki, sai ya fara kiran sunaye, kai ka ji da lissafin. Mu Yahudawa haka muka taso, ba a nuna mutane da yatsa a ce ɗaya, biyu, uku. Yawancinmu a nan Melbourne mun mai da abin camfin tsofaffi, in an tuna a kiyaye, in an manta a yi dariya. Shi kuwa Tate, haka nake kiransa tun ina ƙarama, ba ya dariya a kan wannan.

A Mirohov aka haife shi, wani ƙaramin gari da yau yake cikin Yukren, jiya yana cikin Polan, shekaranjiya oho. A ƙarshen bazarar 1942, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, Jamusawa suka zo da 'yan sandan da suka ɗauka a cikin gari, suka tara Yahudawan garin a filin kasuwa, suka riƙa ɗibarsu goma-goma zuwa ramukan da ke bayan matoyar bulo. Mai ƙidayar ɗan garin ne, ɗan mai injin niƙa, wanda ajinsu ɗaya da yayan Tate a makaranta. Aka ƙirga mutanen gidansu aka tafi da su, shi aka bar shi a layi na gaba. Ruwa ya kece, layi ya hargitse, ya ruga. Ya yi shekara biyu tsakanin daji da garken shanun wata gwauruwa. Iyakar abin da ya taɓa gaya mana ke nan, kuma ko ka matse shi ba za ka sami ƙari ba. Ko sunan ɗan mai niƙa ma bai taɓa kira ba.

Ya sauka a nan ƙasar daga jirgin ruwa a 1949 da kwat ɗin wani da takalman wani. Wani tsoho a unguwar Carlton ya koya masa saka gilashin taga, a nan ya tsaya har ƙarfinsa ya ƙare. Ya auri mahaifiyata Toiba, Allah ya jiƙanta, wadda take ɗinka maɓalli a masaƙar kwat, suka haife ni ni kaɗai, suka sa mini Hinda, sunan yayarsa. Hannuwansa duk tabo ne. In muka je gidan mutane, kafin ya gaida masu gida ya riga ya ƙwanƙwasa tagarsu da farce, ya ce wanda ya saka wannan ɓarawo ne. Mahaifiyata takan ce da shi, Anshel, an gayyace ka cin abinci ne, ba a gayyace ka bincike ba. Ko a jikinsa. Mutum ne marar hayaniya mai taurin kai, ni kuwa na gaji taurin kan na bar masa shirun.

Waɗanda suka tsira daga Mirohov da ƙauyukan kewaye suka haɗu suka sayi wani tsohon gida a wani lungu na unguwar Caulfield, suka rushe bangon tsakiya, ya zama majami'armu, shul ɗin Mirohov. Tate ne ya saka tagoginsa. A ranar da aka buɗe shi suka yi wa juna alkawari cewa kowace shekara, in ranar garin, wato ranar kisan, ta zagayo a kalandarmu, a cikin wannan ɗaki za a yi wa matattu addu'ar Kadish, ba a wani wuri ba. Kadish kuwa ba ta yiwuwa sai da maza baligai goma a ɗaki ɗaya. Tara ba sa yi. Ni da nake zaune bayan labule a ɓangaren mata, ko zan shekara ɗari ba na cikin lissafi, kuma na daina faɗa a kan wannan tun lokacin da nake da ƙarfin faɗa. Mai kula da shul, Reb Pinchas (Reb laƙabin girmamawa ne a wurinmu), shi yake duba ko an cika. Ba ya cewa ɗaya, biyu. Akwai wata aya mai kalma goma da yake karantawa a hankali, kowace kalma ya dubi mutum ɗaya, in kowace kalma ta sami mutum, an cika. Shekara saba'in da ɗaya Tate yana tsayawa a wannan ɗaki a wannan rana, bai taɓa fashi ba. A cikin waɗanda suka yi alkawarin, shi kaɗai ya rage.

A jajiberin ranar yakan jera kyandir a tire kusa da wurin wanke-wanke, irin na cikin ƙaramin kofin gilashi da ke kwana ya wuni yana ci. Guda goma yake kunnawa. Sunayen da ke kan allon tagulla a bangon shul kuwa tara ne, na haddace su kafin in haddace adireshin gidanmu: Yoine mahaifinsa, Sosha mahaifiyarsa, kakarsa Kreindl, baffansa Zisha, sai yayyensa da ƙannensa, Naftali, Velvl, Hinda, Mirl, Dobe. Ina 'yar shekara takwas na tambaye shi na goman na wane ne. Ya ce don ko wani kyandir ya mutu da wuri. Mahaifiyata ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin tebur, ban sake tambaya ba, har na manta cewa tambaya ce.

A 1992 wasu maza biyu suka ƙwanƙwasa mana ƙofa da jakar takardu. Ashe ɗan mai niƙa yana raye, a nan ƙasar, a wata jiha, ya yi ritaya daga gyaran motocin bas yana noman tumatir a bayan gida. Za a gurfanar da shi, ana neman shaidu. Tate ya je ya sayi sabon kwat, abin da bai yi ba ko a bikina. Ni na raka shi, ina da shekara talatin da uku a lokacin, na bar ɗana Naftali wurin ubansa. A cikin jirgin sama Tate ya ci abincin da na ƙunso mana duka, har ya ci nawa. Ban taɓa ganinsa da fata irin na ran nan ba, kuma ganin haka ya ba ni tsoro.

A kotu ya nuna mutumin. Wani tsoho ne mai saƙaƙƙiyar rigar sanyi, yana ta gyangyaɗi. Tate ya ba da labarin filin kasuwa ta bakin tafinta, ya kira sunaye taran. Sai lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe. Ba na son in ce mugu ne, don da ladabi ya yi magana, har ya tambayi Tate ko yana son ruwa.

Ya ce, "Ka shaida mana cewa goma-goma aka riƙa ɗiba. Ka ce kana manne da mahaifiyarka, kai ne na ƙarshe a layin gidanku. Ka ba mu suna tara. To ai kai ne na goma ke nan. Me ya sa ba a tafi da kai ba?"

Lauya ya ƙara da cewa Tate ya taimaka wa kotu, ya ɗaga yatsunsa ya ƙirga mutanen da ke gabansa ɗaya bayan ɗaya, a ga inda kuskuren yake. Tate ya sa hannuwansa biyu a bayansa. Alƙali ya sunkuyo ya ce masa a hankali, lamba kawai ake nema, mutum nawa ne. Tate ya sake kiran sunayen, Yoine, Sosha, Kreindl, har zuwa Dobe. Aka sake tambaya, ya sake kira. A karo na uku na ga tafinta ya daina fassarawa, yana kallon takalmansa. Lauya ya ce ba shi da sauran tambaya.

Bayan wata biyar wasiƙa ta zo, wai shari'ar ba za ta ci gaba ba, shaidu sun tsufa, an daɗe, maganganunsu ba su dace da juna ba. Ɗan mai niƙa ya mutu a gadonsa bayan shekara huɗu. Amma ni ban jira wasiƙa ba, tun a jirgin dawowa na sauke masa kwandon masifa. Na ce shekara hamsin kana jiran wannan rana, ka zubar da ita saboda camfi. Na ce ka ce wani maƙwabci ne ya cika goman mana, ka ce komai, wa zai ƙaryata ka? Ya bar ni na yi ta yi har muryata ta dushe. Sannan ya ce, "Hindele, ba maƙwabci ba ne." Ya juya ya ƙwanƙwasa tagar jirgin da farce, ya ce wannan roba ce. Shekara talatin da biyu ba mu sake ɗaga maganar ba.

Bana kuwa kowa ya san abin da ake ciki. Yaƙi yana can ƙasar Yahudawa, mu muna nan, amma wayar kowa tana kawo shi har kan teburin cin abinci. Ɗan 'yar'uwar mahaifiyata yana da jika a cikin sojoji, maƙwabciyata tana da ƙanwa da take kwana a ɗakin ɓuya, talabijin kuma kullum gawa ne, tasu da tamu, yara a cikin ƙura, har ka daina gane abin da idonka yake gani. Ana ta maganar wata babbar kotu a can Turai, tsofaffin shul suna ta musu a kanta bayan addu'a, wannan ya ce zalunci, wancan ya ce a bari a ji. In suka ce Reb Anshel me ka gani, sai ya ce, "Na taɓa zuwa kotu," ya zare na'urar jinsa ya sa a aljihu.

Daga nan abin ya iso lungunmu. Mako uku kafin ranar garin, Reb Pinchas ya zo buɗe shul da asuba ya tarar an rubuce bangon da jan fenti, an fasa tagogi huɗu. Ba zan maimaita abin da aka rubuta ba. Tate ya ce in kai shi. Ya tsaya da sandarsa bai ko kalli rubutun ba, gilashin da ke ƙasa yake kallo. Ya tsinci wani ɓalli ya juya shi, ya ce wannan shi ya saka a 1953, ba a yin irinsa yanzu. Mai gilashin da aka kira ya sha faɗa ran nan har ya gode wa Allah. Aka ɗauki mai gadi, wani ƙato mutumin tsibirin Tonga mai suna Sione, mai yawan murmushi. Amma mutane suka fara janyewa. Wannan matarsa ta hana shi, wancan ya koma babban shul mai katanga da kyamara, wani kuma ya ce gwiwa. Gwiwar da ta kai shi filin ƙwallo ranar Lahadi.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ɗana Naftali yana tafe a ƙafa da 'ya'yansa mata biyu, da 'yar hularsa ta Yahudawa a ka. Shekararsa talatin da takwas, likitan haƙori, ko kaza bai taɓa tsawata wa ba. Wata mota ta rage gudu, aka zage su, aka jefo kwalba. Ta fashe a gefen ƙafar ƙaramar. Ba wanda ya ji rauni. Da ya zo yana ba ni labari yana ƙoƙarin mai da abin wasa, na lura ina ta goge teburin da na riga na goge. Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba, ni da ake tsoron bakina a unguwa. Wani abu ne kawai ya mutu a cikina, kamar yadda ƙafa ke mutuwa in ka daɗe zaune a kanta. Ina ci, ina barci, ina kai Tate asibiti, amma ba na jin komai.

A cikin wannan hali na yi abin da na yi. Ranar Litinin da yamma, bayan Tate ya kunna kyandir ɗinsa goma, na fita baranda na kira Naftali. Tun da ya balaga bai taɓa rasa ranar kakansa ba, sunan yayan Tate ne ma yake ɗauke da shi. Na ce masa Reb Pinchas ya kira ni, mutum goma sha uku sun yi alkawari, ba sai ya zo ba, ya kai yara makaranta da kansa ya fi. Ya ce, Mama, kin tabbata? Zeide ba zai ji haushi ba? Na ce kakanka ne ma ya ce in gaya maka. Ƙarya biyu a numfashi ɗaya. Gaskiyar ita ce Reb Pinchas ya kira ni ɗin, amma cewa ya yi da Naftali ne za a cika goma cif, kada ya makara.

Washegari ƙarfe shida da kwata muka isa. Ƙarshen hunturu ne, sanyi yana shiga ƙashi. Na ɗauko kek ɗin zuma da kifi mai gishiri da kwalbar wuski da mai ranar yakan kawo a ci bayan addu'a, na ajiye a teburin baya. Sione ya buɗe mana ƙofa, ya riƙe wa Tate gwiwar hannu a kan matakala. Sabon fentin bango bai dace da tsohon ba, kana ganin inda rubutun yake. Na zauna bayan labule ni kaɗai da wayata a cinya.

Suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, suna hura hannu, suna yafa mayafin addu'a. Ƙarfe shida da rabi Reb Pinchas ya bi su da ido yana motsa leɓe. Ayar ta tsaya saura kalma ɗaya. Ya ce a fara da sassan da ba sa buƙatar goma, mai zuwa yana hanya. Aka karanta aka gama, ya sake bin su da ido, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Tsoho Getzel, wanda ya yi shekara arba'in yana tuƙin tasi kuma bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya ce a shigo da Sione mana, ai shi kaɗai ya kai mutum uku. Wani ya ce sai an yi masa kaciya tukuna, Getzel ya ce to kai ka je ka gaya masa. Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Masu waya suka fito da ita. Wannan bai ɗauka ba, wancan yana Sydney, mai gwiwa ya ce gwiwa.

Reb Pinchas ya matso jikin labule, ya yi ƙasa da murya.

"Hinda, ina Naftali?"

Na ce, "Ƙaramar ce ta kwana da zazzaɓi."

Ya ce Allah ya ba ta lafiya, amma ko minti goma ne ya leƙo, gidansa ai ba nisa. Na ce zan kira shi. Na buɗe wayar, na nemo sunansa, ga hotonsa da yaran a bakin teku. Minti bakwai ne a mota, na san hanyar kamar tafin hannuna. Babban yatsana yana kan sunan. Ta tsagar labule ina hango Tate a kujerarsa ta kusa da taga, mayafinsa ya yi masa yawa yanzu, littafinsa a buɗe a shafin Kadish ko da yake ya haddace ta tun kafin a haife ni. Na dubi sabon gilashin da ke bayan kansa, na dubi titi ta cikinsa. Wata farar mota ta wuce a hankali, wataƙila mai kai burodi ne. Hasken wayar ya mutu, na taɓa ya dawo, ya sake mutuwa. Allah ya sani ban yanke shawarar komai ba, zaune kawai nake.

Bakwai da kwata masu zuwa aiki suka fara duba agogo. A nan ne Tate ya dafa sandarsa ya miƙe. Na ɗauka zai roƙe su su ƙara haƙuri. Sai na ga ya ɗaga yatsa ya nuna Reb Pinchas.

Ya ce, "Ɗaya."

Ya nuna Getzel ya ce biyu. Getzel ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa, ya ce, Reb Anshel, haba. Tate bai ji ba, ko ya ji ya share. Uku, huɗu, biyar, da murya a fili, ba fushi ba kuka, irin muryar da yake ƙirga ƙusa da ita. Kowa ya nuna sai ya sunkuyar da kai. Da ya gama da su ya juyo da yatsan ya ɗora a ƙirjinsa.

"Tara."

Ya rufe littafin, ya cire mayafinsa ya ninke shi gida huɗu yadda ya saba, ya sa a jakarsa ya ja zif. Reb Pinchas ya ce akwai addu'ar la'asar a babban shul, can mutum ɗari ne, za a iya yi a can kafin rana ta faɗi. Tate ya ce ba can aka yi alkawari ba. Ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, ya ce su ci kek kada ya lalace. Ba wanda ya taɓa. Na naɗe kayana na mai da su mota.

Muka kama hanyar gida. A mahaɗar da ke gaban kantin magani danja ta tsai da mu, wadda take daɗewa. Ban shirya faɗa ba, bakina ne ya buɗe.

Na ce, "Tate, yarinyar lafiyarta ƙalau. Ni na hana Naftali zuwa."

Ya ce, "Na sani. Tagar baranda a buɗe take jiya. Wanda ya saka ta ɓarawo ne, ba ta rufuwa."

Shi ne ya saka ta. Na jira ya zage ni, da ya zage ni da na ji daɗi, wataƙila da abin da ya mutu a cikina ya motsa. Bai zage ni ba. Yana kallon gaba, hannuwansa a kan jakar mayafin, ya fara magana kamar mai bayanin hanya. Ya ce mahaifiyarsa ta haihu kwana biyar kafin ranar filin kasuwa. Namiji ne. Mu kuwa ba ma sa wa ɗa namiji suna sai ranar takwas, wurin kaciya, kafin nan ko a cikin gida ba a furta sunan da aka zaɓa. Saura kwana uku. Da aka tara su, mahaifiyarsa ta ɗaure jaririn a jikinta ƙarƙashin babban mayafi, ta ɗura masa ɗan ruwan barci, da nufin in an wuce ta gefen katangar coci ta ajiye shi a can ko wani ya tsinta. Ɗan mai niƙa ya bi layi yana ƙirgawa da bakin bindiga, ya kai tara a kan mahaifiyarsa, ya juyo kan Tate. Sai jaririn ya yi tari. Ba kuka ba, tari. Mutumin ya ɗaga mayafin ya leƙa, ya yi dariya, ya ce goma. Ya tura Tate baya da gwiwa.

Ya ce, "A kotu suna suka tambaye ni, ba shi da suna. Lamba suka tambaye ni, lambar ita ce abin da wancan ya ba shi. Shi ke nan abin da ya samu a duniya, kwana biyar da lamba. Ba zan sake kiransa da ita ba."

Na ce to me ya sa yau ya ƙirga. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce yana so ne ya ji ko wani abu zai faru. Ya ce babu abin da ya faru.

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce masa ya yafe mini, kalmomin suka fito kamar ina karanta takardar magani. Ya miƙo hannunsa mai tabo ya dafa nawa sau ɗaya, ya janye.

Ya ce, "Abin da uwa take yi kika yi, Hindele, kin ɓoye naki. Tawa ma ta ɓoye nata. Da ta iya ɓoye shi, da ni ne na goma, da ba ki da ɗan da za ki ɓoye."

Danja ta ba da hanya, na baya ya yi mini ham, na ja motar. Da muka shiga gida kyandir ɗin suna nan suna ci a kan tire, kowane kofi ya ci kusan rabi. Tate ya wuce ɗakinsa ya kwanta da takalmansa. Ni na tsaya a kicin da kek a hannu, ban san inda zan ajiye shi ba. Wayata ta yi ƙara a aljihu, saƙo ne daga Naftali: Mama, an cika?